Manhajar da ta rubuta min notis biyu: wasiƙa tsaf, lissafi kuwa sai a hankali

Tun watan Yuni nake son rubuta wannan abun amma na bari sai da raina ya huce tukun, don da na rubuta lokacin da abun yake da zafi to zagi kawai za ku karanta ba bayani ba. Maganar wata manhaja ce da na yi amfani da ita, irin waɗannan da suke cewa za su lissafa maka wa'adin notis, su rubuta maka wasiƙar, in kana so ma su aika da ita a madadinka, ko na ajiye aiki ne ko na tashi daga gidan haya. Ba zan kama sunanta ba, irinta sun yi yawa yanzu kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya, wanda ya karanta wannan in ya ci karo da ita ko 'yar uwarta zai gane ta.

Abin da ya kai ni kuwa shi ne na samu sabon aiki a wani gari, suka ce in fara ranar 2 ga Mayu, ga shi shekarata huɗu a inda nake, ga gidan haya da muke ciki ni da iyali, kenan notis biyu ne a kaina lokaci guda, ɗaya na wurin aiki ɗaya na mai gida, kuma ni ban taɓa rubuta ko ɗaya ba a rayuwata, aikina na farko kwantiragi ne mai ranar ƙarewa, ranar ta zo muka yi sallama shi kenan. To cikin dare ina ta bincike a waya yadda ake rubuta takardar ajiye aiki sai ga tallarsu, na ce bari in gwada.

Bari in fara da alherinsu don kar a ce ƙiyayya ce. Shiga ba wahala, imel da lambar sirri kawai, sai ta tambaye ka aiki ne ko haya, wace ƙasa kake, tun yaushe ka fara, sannan ta ce ka ɗora hoton kwantiraginka ko takardar yarjejeniyar haya. Ba ta cin data sosai, ba ta tsayawa tana juyi, rubutun manya ne ana gani. Biyan wata-wata ake yi kuma a cikin kuɗin akwai kiran lauya guda ɗaya na minti 20, ku riƙe wannan maganar ta guda ɗaya don za mu dawo kanta.

Wasiƙar da ta rubuta min ta ajiye aiki gaskiya ba abin da zan ce sai yabo. Ni da kaina na riga na rubuta wata a takarda mai shafi biyu, na zuba godiya na zuba ƙorafi, har da maganar alawus ɗin da aka hana ni shekara biyu da suka wuce, ita kuwa layi shida ta yi: ranar da aka rubuta, wanda aka rubuta wa, cewa ina sanar da ajiye aikina bisa sashe kaza na kwantiragi, ranar da wa'adin zai fara da ranar da zai cika, cewa a shirye nake in hannanta aikin ga wanda za a ba, sai roƙon a rubuto min shaidar an karɓa. A gefe kuma ta saka ɗan bayani cewa ba dole ba ne ka faɗi dalilin tafiyarka ko inda za ka, kuma duk abin da ka rubuta zai zauna a fayil ɗinka ne har bayan ka manta da shi. Wallahi wannan ɗan bayanin kaɗai ya hana ni tafka abin kunya, don wannan ogan da na so in caccaka shi ne na koma ina ce wa ranka ya daɗe bayan kwana biyu.

Wurin da na fi daɗewa kuwa shi ne sashen da suka jera dokokin ƙasashe, na shiga don in duba abu ɗaya na ƙare da kwana karatu, don ni a da a tunanina notis wata ɗaya ne a ko'ina a duniya, ashe ba haka ba ne ko kusa. A Amurka alal misali kusan duk jihohinsu, in ka cire Montana, ma'aikaci da mai aiki kowa zai iya sallamar ɗan uwansa a kowane lokaci ba tare da notis ba in dai babu kwantiragin da ya ce akasin haka, wannan sati biyun da ake ta ji suna bayarwa al'ada ce kawai da kara, ba doka ba ce, inda dokar tarayyarsu ta sa baki shi ne wadda aka yi a 1988 da ta ce kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama in zai rufe masana'anta ko ya yi kora mai yawa sai ya sanar kwana 60 kafin nan. A Birtaniya kuma dokar 1996 ta ce ma'aikacin da ya yi wata ɗaya a wuri sati ɗaya kawai doka ta ɗora masa komai daɗewarsa, amma shi mai aikin nasa ƙaruwa yake, sati ɗaya kafin a cika shekara 2, daga nan sati ɗaya kan kowace shekara har ya tsaya a sati 12. Jamus su kuma nasu da tsari sai ka ce jadawalin jirgi, sati 4 ne amma dole ƙarshensa ya faɗa kan 15 ga wata ko ƙarshen wata, lokacin gwaji sati 2, shi kuma mai aiki in ka yi masa shekara 20 sai ya ba ka wata 7 cur kafin ya rabu da kai, kuma abin da ya fi ɗaure min kai, a can notis ɗin barin aiki ta imel ko ta saƙon waya ba notis ba ne, sai takarda da sa hannunka na biro. Dokar ƙwadagon Najeriya a sashe na 11 ta kasa shi huɗu, kwana 1 in ba a wuce wata 3 ba, sati 1 daga nan har ƙasa da shekara 2, sati 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Daular Larabawa kuma tsakanin kwana 30 ne da 90 gwargwadon abin da aka rubuta a kwantiragi. Har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da yarjejeniya mai lamba 158 ta 1982 da ta ce wanda za a sallama a ba shi wa'adi daidai gwargwado ko a biya shi kuɗi a madadinsa sai dai in babban laifi ya yi.

Na haya ma haka yake, kowa da kiɗansa. A Faransa dokar 1989 ta ba ɗan haya wata 3 in gidan ba kaya a ciki ya kama shi, wata 1 in da kaya, kuma wata 3 ɗin ma yana komawa 1 in an yi maka canjin wurin aiki ko ka rasa aikin ko gidan yana garuruwan da ake ƙarancin gidaje, sannan wa'adin ba ya fara tafiya sai ranar da wasiƙar ta shiga hannun mai gida, ba ranar da ka jefa ta a gidan waya ba. A Jamus kusan wata 3 ne amma sai takardar ta isa zuwa rana ta 3 ta aiki a farkon wata, in ta isa rana ta 4 to wata guda ya tafi a banza. Dokar haya ta Legas ta 2011 kuma ta ɗaura shi ne da yadda ake biyan kuɗin, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan shekara wata 6, in dai ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba. Duk wannan na karanta shi a cikin manhajar nan fa, da idona, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi min ciwo, don masu rubuta bayanin sun san aikinsu, masu haɗa na'urar lissafin ne kamar ba su taɓa gaisawa da su ba.

Ga yadda aka yi. Ranar 10 ga Maris na cike fom ɗin aiki, na ɗora kwantiragina, ta karanto cewa notis ɗina wata ɗaya ne, ta ce in na miƙa yau ranata ta ƙarshe 9 ga Afrilu. To ita ta ƙirga ranar miƙawar a matsayin rana ta ɗaya, alhali a shafin bayaninsu da kansu sun rubuta cewa a wurare da dama ba a saka ranar da aka ba da notis a lissafi, washegari ake farawa, har suka ba da misalin Jamus da Najeriya inda doka ta faɗi haka ƙarara. Kenan 10 ga Afrilu ya kamata ta ce. Za ka ce kwana ɗaya mene ne a ciki, ni ma haka na ce lokacin, amma notis abu ne da in ya gaza da kwana ɗaya wani zai iya cewa bai cika ba, a wurin aiki wataƙila albashin yini ɗaya ne za a zabge ko a rubuta maka fashi, a haya kuwa zai iya zama wata guda sukutum.

Wannan ma ƙarami ne. Babban shi ne wurin ɗora takarda fayil ɗaya kawai yake karɓa, in ka ɗora na biyu sai ya goge na farko, kuma babu inda ta tambaye ka ko akwai wata takarda da ta biyo bayan kwantiragin. Ni kuma na ɗauka kwantiragi ai shi ne wanda na sa wa hannu ranar da na shiga. Allah ya taimake ni ban miƙa wasiƙar a ranar ba, na ce tunda na biya kuɗin lauya bari in ci kuɗina, aka haɗa ni da wata barista da yamma, murya a gajiye da ka ji ka san ni ne na wajen goma sha a ranar, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, tunda ka shiga wurin nan an taɓa yi maka ƙarin girma?" Na ce eh Barista, bara. Ta ce, "Sun ba ka takarda?" Na ce sun ba ni. Ta ce, "Ɗauko ta ka karanta min sakin layin ƙarshe." Na miƙe ina ta birkita jakar takardu minti yana tafiya, mai ɗakina tana haska min da fitilar waya, na samo ta a tsakanin takardun asibitin yara, na karanta, ni dai abin da na riƙe a takardar nan tun bara shi ne sabon albashi, ashe a ƙasa an rubuta cewa daga ranar wa'adin notis na kowane ɓangare ya koma wata biyu, kuma ga sa hannuna raɗau a ƙasansa. Ta ce, "To ka ji. Abin da doka ta faɗa mafi ƙaranci ne, kwantiragi zai iya ƙarawa a kai, kuma takardar baya ita ke hawa kan ta farko." Wata biyu daga 10 ga Maris ya kai ni 10 ga Mayu kenan, ni da ake jira ranar 2.

Na ce mata ai ina da kwana 11 na hutun shekara da ban ci ba, sai in ɗauke su a ƙarshe in yi tafiyata. Nan ta fayyace min wani abu da ban taɓa rarrabewa ba, wai ranar da ka daina zuwa ofis daban, ranar da kwantiragi ya mutu daban, in kana hutu kai ma'aikacinsu ne har yanzu, in kuwa takardarka ta hana yi wa wani aiki lokaci guda to ka fara sabon wuri ranar 2 ka karya ta ko da ba ka taka ofis ɗin ba. Haka ma wanda aka ce ya zauna gida ana biyansa har wa'adi ya cika, shi ma a ɗaure yake. Ta ce hanyoyin uku ne, ko sabon wurin su ɗaga min ƙafa, ko in biya kuɗin kwanakin da suka rage in kwantiragin ya yarda da biya a madadin notis, ko in roƙi ogana mu yi yarjejeniya a rubuce cewa an yanke wa'adin ya ƙare 30 ga Afrilu. Ta ƙara da cewa, "A rubuce fa Malam, ba na baka ba, ogan nan zai iya barin wurin kafin a zo biyanka haƙƙinka." Minti 20 na cika layin ya yanke ɗif ko sallama ba mu yi ba. Ita kam duk inda take Allah ya saka mata, ita ce manhajar gaba ɗaya a wurina.

Washegari 11 ga wata na gyara ranakun da hannuna na shiga wurin oga da kwafi biyu, na ce ranka ya daɗe wata alfarma na zo nema, ya karanta ya cire tabarau ya ce, "Kai ma guduwa za ka yi ka bar mu?" Muka yi 'yar dariya, na ce zan zauna da wanda zai gaje ni sati uku in nuna masa komai in rubuta masa duk abin da ke kaina, ya ce in dai ka yi haka ba zan riƙe ka ba, ya sa ofishin kula da ma'aikata suka rubuto min cewa an amince kwantiragi ya ƙare 30 ga Afrilu kuma kwanakin hutun da ban ci ba za a biya ni su kuɗi. Na sa aka buga min hatimin karɓa a kwafina da kwanan wata. Wannan ɓangaren ya wuce lafiya.

Gidan haya ne ya kwance min lissafi, kuma a nan ne nake ganin laifinsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, ko da yake ni ma ban wanke kaina tas ba. Kiran lauyan ya riga ya ƙare, na biyu sai da ƙarin kuɗi, ni kuma kuɗin kwashe kaya da na sabon gida sun riga sun shaƙe ni, na ce ai na gane kan abun yanzu. Ranar 2 ga Afrilu na ɗora yarjejeniyar hayar, ta ce notis wata ɗaya, za ka iya fita 1 ga Mayu, ta rubuta wasiƙa mai kyau kamar waccan, sannan ga wani maɓalli kore ƙato wai a aika yanzu, ta nemi imel ɗin wanda za a aika wa, ni kuma imel ɗin ejan ɗin da ya kama min gidan shi kaɗai nake da shi, na saka na danna, ta nuna min alamar an aika har da wani ɗan zane yana tafi.

Abu biyu ne ta tsallake kuma duka biyun suna cikin takardar da na ɗora mata. Na farko, ba wata ɗaya kawai aka rubuta ba, cewa aka yi cikakken wata ɗaya na haya, ni kuma 15 ga wata nake biya, kenan watana yana tashi daga 15 ne ya ƙare 14 ga na gaba, notis ɗin da aka bayar 2 ga Afrilu ba zai fara tafiya ba sai 15 ga Afrilu ya cika 14 ga Mayu. Manhajar ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ranar da nake biyan haya ba, tambayar da duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin haya zai fara yi maka. Wannan dai da sauƙi, sati biyu ne zan biya gida ba kowa. Na biyun shi ne mai kashe jiki, sashen da ke ƙasa ya ce notis sai a rubuce da sa hannu, a miƙa wa mai gida hannu da hannu ko ta wasiƙa mai rajista, babu maganar imel babu maganar ejan.

Ban sani ba sai ranar 16 ga Afrilu da na je wurin mai gidan don mu tsayar da ranar da zai zo ya duba gida, dattijo ne mai haƙuri shekara huɗu ko tari bai taɓa yi mana ba, na same shi yana gyaran famfon tsakar gida na durƙusa muka gaisa na ce Baba maganar tashinmu ce, ya ɗago ya ce wane tashi? Na ce ai na aiko da notis tun 2 ga wata. Ya ce, "Wa ka aiko wa, ɗana?" Na faɗa masa, ya kira ejan ɗin a gabana ya saka a sifika, shi kuma ya ce wannan imel ɗin ai ya fi shekara bai buɗe shi ba. Baba ya shiga ciki ya fito da nasa kwafin a cikin leda ya nuna min layin da yatsa ba faɗa ba ɗaga murya, ya ce, "Ni ba na son cin kuɗinka, amma da ka faɗa min tun farkon wata da yanzu na samu wani." A tsaye a wurin na yagi takarda daga littafin yaro na rubuta notis da biro na sa hannu ya sa hannu a kwafi, 16 ga Afrilu. Da a ce 14 ne da ya cika 14 ga Mayu, to kwana biyun nan da na makara su suka tura shi ya fara 15 ga Mayu ya cika 14 ga Yuni. Mu da muka kwashe kaya 30 ga Afrilu, wata ɗaya da rabi ina biyan haya biyu.

Na rubuta wa masu manhajar a ranar. Wurin koke nasu bot ne, wato na'ura ce ke amsa saƙo ba mutum ba, kana faɗa masa an cuce ka yana tambayarka ko kana son ganin samfurin wasiƙa, sai da na rubuta ina son magana da mutum sau huɗu sannan aka ba ni lambar ƙorafi, bayan kwana shida wani ya amsa da ladabi sosai ya ce suna ba da haƙuri amma a sharuɗɗan da na amince da su an rubuta cewa lissafin na'urar kiyasi ne ba shawarar lauya ba ce, kuma alhakin duba hanyar isar da notis yana kan mai amfani. Na koma na duba, da gaske yana nan, a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. To ni tambayata ita ce in kiyasi ne me ya sa ake rubuta ranar da manyan lambobi ana cewa ranar fitarka, me ya sa maɓallin aikawa ba ya tsayar da mutum ya ce dakata, takardarka ta yarda da imel kuwa? Layi ɗaya ne fa. Su da suka iya rubuta cewa a Jamus imel ba ya aiki kuma a Faransa sai wasiƙa ta isa hannu, sun san matsalar sarai. Kuɗi dai ba su mayar ba, sun ce za su ba ni kiran lauya ɗaya kyauta, ihu bayan hari.

Abu ɗaya da ya ƙara yi min rana a cikinta shi ne jerin abubuwan da za ka yi ranar miƙa makulli, ta ce ka ɗauki hoton kowane ɗaki bayan an kwashe kaya, hoton lambar mitar wuta da ta ruwa, ka sa mai gida ya rubuta ya karɓi makullai guda nawa da kwanan wata, kuma kar ka ce a riƙe kuɗin ajiyar da ka bayar saboda ɓarna a matsayin hayar watan ƙarshe sai in an yarda da hakan a rubuce, don su biyun kowa da aikinsa. Na bi wannan ɗaya bayan ɗaya kuma kuɗin ajiyata sun dawo cif in ban da na wani gilashin taga da yarana suka fasa wanda ni ma na san da shi. Baba kuma da ya samu sabon ɗan haya daga 1 ga Yuni shi da kansa ya kira ni ya mayar min da kuɗin sati biyun da suka rage, ba manhaja ce ta sa shi ba, ba doka ba ce ta kama shi a ranar, halinsa ne.

In taurari ake bayarwa biyu da rabi zan ba ta cikin biyar, kuma ɗaya da rabi a ciki na baristar nan ne. Wanda bai iya tsara wasiƙa ba ko yake tsoron kar bakinsa ya yi masa yawa a takardar ajiye aiki za ta yi masa amfani sosai, wanda yake son ya san yadda dokar inda yake ta ce shi ma ya shiga ya karanta. Amma ranar da ta ba ka kar ka ɗauke ta kai tsaye, ɗauki kalanda da biro ka nemo duk wata takarda da ka taɓa sa wa hannu bayan ta farko, ka duba daga wace rana ake fara ƙirga, ka duba ko dole ƙarshen ya faɗa kan wata rana ta musamman, ka duba wa za a ba kuma ta wace hanya, in kuma kiran lauya ɗaya gare ka alhali notis biyu ne a gabanka to ka ajiye takardun duka a kan tebur kafin a ɗaga waya ka raba mintunan biyu, ni na ƙarar da kusan biyar a neman takarda a jaka.

Sai maganar fita daga manhajar ita kanta. Da komai ya lafa ranar 20 ga Yuni na shiga in soke biyan wata-watan, na nemi maɓallin sokewa sama da ƙasa babu, na tambayi bot ɗin ya turo min wani shafi, ina karantawa sai da na ajiye wayar na yi dariya har mai ɗakina ta leƙo tana tambaya lafiya. Wai sokewa sai an ba su notis na kwana 30 kafin ranar sabunta biya, a rubuce, ta wani fom na musamman, saƙon da aka rubuta wa bot ko aka aika ta imel ba a karɓa. Ranar sabuntawata 10 ga wata ce, kenan ta 10 ga Yuli ta riga ta kuɓuce, sai ta Agusta. A nasu lissafin kuwa ba su yi kuskuren ko kwana ɗaya ba, har sun rubuta a fili cewa ranar da aka cike fom ba ta cikin ƙirga. Na cike shi a take, na ɗauki hoton allon da kwanan wata da lokaci, na jira har shaidar karɓa ta shigo na adana ta wuri biyu, an ciri na Yuli, ranar 10 ga Agusta kuma tun asuba nake duba asusuna har dare ba a ciri komai ba.